Da Ruwa Ya Janye

Daren Laraba, Mabera

Yau Bello, abokin ƙanena Nasiru, ya kawo jakarsa. Tare suka je hutu wani gari na bakin teku.

Ya ce, "Yaya, ƙasa ta girgiza, ruwa ya janye, kifi na tsalle bisa yashi. 'Yan garin suka ruga tudu, shi kuwa ya naɗe wando ya gangara yana dariya. Sai ruwan ya dawo, ya fi gida tsawo."

Ashe akwai allon gargaɗi a masaukinsu, ba su karanta ba.

Ina Nasiru zai sani? Mu nan in gulbi ya janye, shiga muke kamun kifi.

Inna na tambayar yaushe za a kawo gawarsa. Na kasa gaya mata ba a gan shi ba.