Akwatin da Ke Kawo Mini Gaisuwarka

Zuwa gare ka, sanyin idona, gawona mai ba da inuwa a lokacin da kowace itaciya ta kaɗe ganyenta, ruwan randa a bakin mai ƙishi, Kyarina, wanda harshena ke jin nauyin sunansa amma alƙalamina ba ya ji.

Ina gaishe ka gaisuwar da ta fi yashin da ke tsakanin Damagaram da Bilma yawa. Yaya ɗalibanka, yaya zafin can, yaya kewa? Ta ƙarshen ba sai ka amsa ba, na san amsarta.

Bari in mayar da kai la'asar ɗin da rayuwata ta juya, don ban taɓa ba ka labarinta dalla-dalla ba. Kwanaki kaɗan ne da tafiyarka wurin aikin da aka tura ka. Ina zaune a falo ina tsince shinkafa, hawaye na sauka cikin faranti, gidan ya yi tsit kamar duwatsun Birni da tsakar rana. Babu wanda ya yi sallama, babu wanda ya taɓa komai. Sai kawai goge ya tashi daga bafal ɗinka guda biyu, manyan lasifikokin nan, siriri, a hankali, kamar mai neman izinin shigowa. Na watsar da shinkafar na yi waje ba takalmi, ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina. Sai da na kai zaure na tsaya, na saurara, na gane waƙar. Ita ce wadda ka sa mini ranar da aka kawo ni gidan nan, da ka rasa abin da za ka ce mini. A nan na gane kai ne. Kana can bayan hamada, salula a hannunka, ka danna, ɗakina ya amsa. Na zauna a dakalin zaure ina kuka ina dariya, kaji suna can suna cinye mini shinkafa.

Ya hasken safiyata, na karanta littattafan soyayya da yawa, ka sani, tun kana tsokanata kana cewa su ne suka aure ni kafin kai. Na ga samari masu aiko da fure, da masu aiko da turare, da masu tsayuwa cikin ruwan sama a ƙofar gida. Ban taɓa karanta wanda ya aiko da goge ta cikin iska ya tarar da matarsa tana tsince shinkafa ba. Wane marubuci ne zai iya ƙirƙiro ka?

Ga shi kuwa lokacin da kake haɗa abin, ban san kyauta kake gina mini ba. Na tuna ranar da ka shigo da ƴar kwamfutar nan baƙa, wadda ba ta fi kwalin dabino girma ba, ba ta da allo ba ta da fuska, ka ɗora ta kusa da ampili mai ƙara sauti kana murmushi kamar wanda ya tsinci zinariya. Ka ce duk waƙoƙin gidan nan za su koma cikinta su zauna. Ka jawo akwatin ƙarfe na marigayi mahaifinka, cike da kaset na algaita da ganga da waƙoƙin Barebari, waɗansu zafi ya lanƙwasa su, waɗansu zarensu ya fito kamar hanjin kaza. Kai kana naɗe zaren da biro, ni ina hura ƙura daga cikin kwalayen. Faifai ba ya ba ka wahala, kafin shayi ya huce ya shige. Kaset kuwa ba a yi masa gaggawa, sai ya rera kansa daga farko har ƙarshe kwamfutar tana sauraro, muna zaune muna jira. Na yi ta ƙorafi cewa hutunka na ƙarewa a bakin igiyoyi. Yanzu da za a mayar mini da yini ɗaya daga cikin waɗannan, da ban ce uffan ba.

Ka tuna da kaset ɗin da ba su da rubutu? Ka ce dole kowace waƙa ta sami suna, in ba haka ba za ta ɓace a cikin dubu. Ka miƙo mini salularka ka ce in raɗa musu. Na sa wa ɗaya "Ranar da tuwo ya ƙone", wata "Ruwan farko", wata "Fushin da bai kai magariba ba". Ka yi dariya har ka riƙe ciki, ka ce babu ma'ajiyar waƙa a duniya mai irin wannan tsari, amma ba ka canja ko ɗaya ba.

Sai ranar jera bafal. Ka zaunar da ni a tsakiyar tabarma ka ce in rufe ido, kana matsar da na dama kaɗan, kana karkata na hagu kaɗan, kana tambayata ina mawaƙin yake tsaye. Na ce yana jikin bango. Ka sake matsarwa. Na ce ya koma wajen taga. Can sai na ji shi a gabana sosai, har na ji kamar in miƙa masa ruwa. Da ganga ta shigo kuma, sai kwanonin jerena suka kama rawa a cikin kabad, marufai suna ƙara kamar haƙoran mai jin sanyi. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana sa musu ƙyalle a ƙarƙashin murfi, kana ba su haƙuri. A ranar na san na auri mutum mai tausayi, wanda ko kwano ba ya yi wa tsawa.

Daga baya ka ɗora farantin hasken rana a kan soro, ka haɗa batir, don kada ɗaukewar wuta ta kashe kwamfutar. Ka ajiye ƙaramin akwatin rezo, mai jawo intanet da layin waya a ciki, ka ce duk inda wannan ya sami rezo, salularka za ta nemo kwamfutar ta same ta, abin da kake ji a kunnenka shi zai fito a ɗaki. Na ji maganar ta wuce ni kamar iska. Abu ɗaya ka roƙe ni da za ka tafi, kada in taɓa bayanta, wurin igiyoyi.

Tun daga la'asar ɗin nan na koyi karanta ka. In algaita ta tashi, ɗalibanka sun faranta maka rai. In ganga ce mai sauri, ka ci abinci mai daɗi ko ka sami saƙon gida. In goge ne, to kewa ta danne maka ƙirji, sai in ajiye abin da nake yi in zauna a tsakiyar tabarma, in ji ta tare da kai har ta ƙare. Ya kai tauraron da nake duba hanya da shi, akwai matan da mazansu ke kwana a gida, ba su san zuciyarsu kamar yadda na san taka daga nesa ba. Ko baƙon da muke jira ya fara sanin ka. In kalangu ya shigo sai in ji motsi a ƙarƙashin hannuna, kamar ɗan kifi a cikin tafki.

To ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ka san Inna ta zo daga Hamdara da ƙullin gyaɗa, ta dube ni sama da ƙasa ta ce lokaci ya yi, haihuwar fari a ɗakin uwa ake yin ta, can za a yi wankan jego, ba zan dawo ba sai na yi ƙwari. Hajiya mahaifiyarka ta ce gaskiya ne, ita ma haka aka yi mata. Ban musa ba, don ina son hannun Inna a bayana ranar da abin zai zo, kuma ina jin tsoro, ba zan ɓoye maka ba. Da na gaya maka a salula, ka ce in kashe kwamfutar in lulluɓe ta da zane in kulle ɗaki, muryata ta ishe ka. Ka faɗa da dariya. Amma muna ajiye salula sai goge ya tashi, ya ƙare ya sake tashi, ya ƙare ya sake tashi, har aka kira magariba. Wa kake so ya yarda da dariyar nan, ni?

Kuma wace murya za ka samu a Hamdara? Ka manta gidanmu ne? Tsakar gida ɗaya, Baba Nomau a ƙarƙashin rumfa yana gyaran lauje, Inna a bakin murhu, gwaggonnina suna shiga suna fita. Ƴar da ta zo goyon ciki ba ta kama salula a gaban iyayenta ta yi ta raɗa da miji. In ka kira, abin da za ka ji shi ne lafiya lau, an gode, sai an jima. Watanni zan yi ina amsa maka kamar mai amsa wa baƙo, kai kuma kana can cikin gishiri da yashi, babu goge, babu ni. Na kwanta da wannan tunanin na tashi da shi, na ji kamar an ce in rufe rijiya in tafi da tulu babu komai.

Waƙa kuwa babu kunya a cikinta. Za ta tashi a ɗaki, Inna ta ji algaita, Baba ya ji ganga, ni kaɗai in ji abin da ka ce.

Don haka na taɓa bayan kwamfutar, ya masoyina, kuma ina gaya maka da kaina. Na ɗauko zaren saƙata na ɗaura wa kowace igiya launi, na ɗaura irinsa a bakin ramin da take shiga. Ja na bafal ɗin dama, kore na hagu, rawaya tsakanin kwamfuta da ampili, fari na akwatin rezo. Da hantsi, lokacin da na san kana cikin aji, na kashe ta yadda na ga kana yi, na jira ƴar fitilarta ta mutu, na zare komai. Da na mayar na kunna, na dama ya yi magana, na hagu ya yi shiru. Na durƙusa da wannan nauyin nawa na leƙa, ashe silin igiyar ne bai kama ba. Na murɗa shi na ɗaure, mawaƙin ya dawo tsakiyar ɗaki ya tsaya inda ka bar shi. Na sake yi washegari, na sake yi jibinsa, har hannuna ya saba. Da la'asar ta yi ka danna, ba ka ji wani bambanci ba, ko ka ji?

Ranar kasuwar da ta wuce na bi yayana Tanimu a motarsa zuwa Hamdara, akwatin rezo da ƙaramin batir a cikin jakata. Na zagaya gidan da shi kamar mai neman ɓatacciyar allura. A ɗakina na da babu komai, a rumfar Baba yana zuwa yana tafiya, amma a tagar gabas ta ɗakin Inna fitilunsa suka cika. Inna ta tsaya tana kallona, hannu a ƙugu, ta tambaye ni haihuwa zan zo yi ko gidan rediyo zan buɗe mata. Na sunkuyar da kai. Baba ne ya cece ni, ya ɗago daga laujensa ya tambaya ko a cikin abin akwai gangar noma irin ta da, wadda ake kaɗa wa samari a gayya. Na ce akwai, cikin kaset ɗin surukinsa. Sai ya ce a share kusurwar ɗakin a sa benci.

Na san abin da zai fara zuwa ranka, hanyar nan mai gargada da kaset ɗin mahaifinka da ke ciki. Ban manta da ma'ajiya ta biyu da ka kwafe komai a cikinta ba, wadda ke cikin durowa a naɗe da hularka. Na kai wa Hajiya ita, ta sa a ƙasan adakarta. Ko me ya faru a hanya, muryoyin suna nan.

Ina roƙon ka, ya sanyin damina a kan busasshiyar ƙasata, kada ka yi fushi, kada kuma ka kira ka ce in fasa. Shi ya sa na rubuta wasiƙar nan da hannu zan ɗauki hotonta in aiko maka, don in muryarka na ji kana lallashina, zan ce to, alhali zuciyata ba ta ce ba. Ka bar ni in riƙe maka wannan abu ɗaya. Kai ka gina shi da haƙurinka, ni zan ɗauke shi da nawa. Kuma in ranar ta zo, ranar da ba zan iya riƙe salula ba, ranar da mata za su cika ɗaki su hana kowa magana, ka danna mini duk wadda ka ga dama. Zan ji ka ta cikin bango, in san ba ni kaɗai ba ce.

Ni taka ce, a Damagaram ko a Hamdara, da rezo ko babu, muddin gero na fitowa a ƙasarmu, muddin ana kiran salla a Birni. Babu wata murya da za ta zauna a inda taka take zaune, yau da gobe har ranar da za a lulluɓe ni.

Ranar Alhamis da hantsi Tanimu zai sauko da farantin daga soro, ya ɗaure bafal ɗin cikin bargo. Kwamfutar a cinyata za ta zauna. Tare da ita zan tafi Hamdara.

Matarka,
Salamatu