Ofishina na Ƙofar Baya

Zuwa ga Yayata abin alfaharina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ƙanwa ga yayarta, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki lafiya ƙalau, ke da maigidanki da yaran duka. Allah Ya ƙara muku lafiya da rufin asiri, Ya sassauta muku sanyin nan da kike ta kuka da shi. Mu nan sai godiya. Kawu ya warke daga ciwon baya har ya koma faɗa da makanikai, Gwaggo tana nan yadda kika san ta, matar Yaya Ƙarami kuwa ciki ya tsufa, muna ta zuba ido. Umma tana gaishe ki, kuma labarinta ne ya zaunar da ni rubutu, don a waya ba za ki bari in kai ƙarshe ba sai kin katse ni da tambayoyi. Ki nemi wuri ki zauna, Yaya, yau bakina har kunne.

Kin san tun da ciwon nan ya taɓa ɓarin jikin Umma na roƙi kamfaninmu su bar ni in riƙa yin zanen gine-gine daga gida. Sun yarda, amma abin ya kusa kuɓuce mini. Shugabar sashenmu, wadda muke kira Agogo saboda ba ta san uzuri ba, ta kira ni ta ce aikina kullum a makare yake isowa. Ta ɗora mini zanen wata makaranta, ta ce in gama kafin ƙarshen wata, in kuwa na kasa, in tattara kayana in koma ofis. Kin san nisan garin da ofis yake. Komawata tana nufin a ɗauke Umma a kai ta gidan Yaya Ƙarami can saman bene, ita da ta rantse gawarta kaɗai za ta bar gidan da Baba ya gina mata.

Kuma Agogo ba ta yi mini ƙazafi ba. A layinmu, in aka ga mutum zaune a falo da silifa, to an gama yanke hukunci ba shi da aikin yi. Ina jan layi a kwamfuta Gwaggo za ta shigo in duba mata saƙo a waya. Ta fita, mai kitso ta leƙo aron dutsen guga, ta tsaya ba ni labarin kishin ƙannen mijinta. Kawu kuwa ya kawo mini rediyonsa in gyara, wai tunda ni ce mai ilimin na'ura. Wanda ya fi ƙona mini rai, wata rana ina tsakiyar taro ta bidiyo da manyan injiniyoyi, maƙwabciyarmu ta shigo ta dire mini jaririnta a cinya, ta ce yanzu za ta dawo daga kasuwa. Yaron ya kama mayafina yana tsotsa, injiniyoyi suna kallo. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Da abin ya ishe ni na roƙi Umma, duk wanda ya zo ta ce masa ba na nan. Ai kuwa na taɓo ta! Ta ce da furfurarta ba za ta fara ƙarya don kwamfuta ba, in ina so ta ce na fita, to in fita. Washegari da safe, da fushina, na yi wanka na sa kayan ofis, na sa takalmin fita, na saɓa jaka, na yi mata sallama kamar gaske. Sai da na kai kwanar mai shago na tuna ba ni da wurin zuwa. Ina ta tafiya ina huci har na zagayo layin baya, sai ga ni tsaye gaban ƙofar ɗakin ajiyar Baba, wanda tun rasuwarsa aka tokare ƙofarsa ta ciki da kabad. Makullin yana cikin tarin makullan da ke jakata. Na buɗe, na kaɗe ƙurar teburinsa na katako, na kunna kwamfuta. Yaya, aikin da na yi kafin azahar ya fi na mako guda a falo.

Tun daga ranar ban fasa ba. Na share ɗakin, na kafa fanka, na kwashe gwangwanayen fenti zuwa lungu. Ba ɓoyewa nake yi ba, kowa ya san inda nake. Amma tunda suna ganina na wuce da jaka da takalmi, sai suka fara yi mini a dawo lafiya, kuma ba mai zagaye layi guda a rana don aron dutsen guga. Gwaggo ta gwada sau ɗaya, ta iso tana haki, ta ce ofishin nan nawa ya cika nisa. Ni ma kaina na canza: in na sa takalmi hankalina yana kan zane, ba ya kan wanke-wanke, in na cire kuma na tashi ke nan, ba na sake buɗe kwamfuta. Da rana ina zagayowa mu ci abinci tare. Bangon ɗakin kuwa shi ne bangon ɗakin Umma, don haka muka yi da ita in da matsala ta buga shi da sandarta. Kwanakin farko ta riƙa bugawa don kawai ta ji ko zan amsa.

To ga inda nake so ki buɗe kunne. Kin san yadda likitan da ke motsa mata jiki ya yi ta fama da ita ta riƙa takawa a waje, ita kuma ta ƙi, wai ba za ta ja ƙafa a titi mutane suna yi mata sannu ba. Sai ga shi ta fara raka ni bakin ƙofar falo. Bayan 'yan kwanaki ta kai ƙofar gida, wai ta manta ba ta gaya mini in sayo sabulu ba. Na yi kamar ban gane ba, don kin san ta, in aka yaba mata sai ta fasa.

Ranar da zan nuna wa Agogo zanen makarantar, na fita a gaggauce na bar cajar kwamfuta a kan kujerar falo. Ina cikin bayanin rufin azuzuwa, abin sauraro a kunnena, sai na ga batir ya yi ja. In na tashi, na bar manya suna jira, in na zauna, kwamfuta ta mutu a tsakiyar magana, kuma duk biyun Agogo makara za ta kira su. Ashe Umma ta ga cajar, ta yi ta buga bango ban ji ba. Ina ta sauri ina haɗa kalmomi sai na ji an turo ƙofa a bayana. Na juya, sai ga Umma, gumi sharkaf, sanda a hannu ɗaya, caja rataye a wuya. Ita kaɗai, Yaya! Ta wuce mai shago, ta wuce mai wanki da guga, ta zagayo layin nan duka da ƙafarta. Ta miƙo mini cajar, ta ce ma'aikaciyar kirki ba ta barin kayan aikinta a gida, sannan ta zauna a kan gwangwanin fenti tana mayar da numfashi. Na jona, na ƙarasa bayanina, ina kashewa na rungume ta na fashe da kuka. Ta ture ni ta ce in bar shirme, ana aiki.

Agogo ta turo gyare-gyare, don ba za ta taɓa barin zane ya wuce ba ta taɓa shi ba, amma ta ce aikin ya iso kafin lokaci kuma ya yi kyau, in ci gaba daga gida. Umma tana nan a ɗakinta, ba inda za a kai ta. Yanzu kullum da safe ita ke riga ni shiryawa, ta tsaya a ƙofa tana yi mini faɗan makara, mu zagaya tare tana amsa gaisuwar mutanen layi kamar ita ce shugabar kamfanin. Saboda haka keken marasa lafiyan nan da kika ce za ki aiko, don Allah ki fasa. Takalmi za ki aiko, mai taushi marar tsini, don nata na dama ya cinye ta gefen da take ja.

Ki gaishe mini da maigidanki da kyau, ki ce ina yi masa ban gajiyar hidima. Ki shafa mini kan Sarkin Tambaya da 'Yar Lele, ki ce musu kakarsu ta samu aiki. Kawu da Gwaggo da Yaya Ƙarami da matarsa duk suna gaishe ku. Umma ta ce in rubuta miki ta gode da addu'a, kuma takalmin kada ya zama baƙi, ta fi son ruwan ƙasa, don ya fi jure ƙurar hanyar ofis. Allah Ya sada mu da alheri.

Taki har kullum,
Autar Umma