Ɗanyen Wake a Gaban Surukai

Gogo Ni'mat, ki taimake ni da shawara, don na rasa wanda zan faɗa wa. 'Yata ta fari, bari in kira ta Mawahib, ta janye jikinta daga gare ni tun ranar da dangin manemin aurenta suka zo gaisuwa. Tana gaishe ni da safe, tana yin aikin da na sa ta, amma hira ta mutu tsakaninmu.

Ni ba uwar sakaci ba ce. Na yi sakandare a Madani, na raini 'ya'yana a unguwar Kalakla ta Khartoum da kunya da tsoron Allah, ba wadda take fita ban san inda za ta ba. Mawahib ta karanta aikin gona, aka tura ta ƙarin karatu Japan na 'yan watanni. Ta dawo da sababbin ɗabi'u, na kau da kai. Ta shuka waken suya a bayan gida, ban hana ba. Amma ba ta barinsa ya bushe. Tun yana kore take tsinke shi, ta dafa da ɓawonsa, ta barbaɗa gishiri. Wai edamame sunansa, wai can da shi ake taɓa baki kafin abinci ya iso.

Baƙin nan mutanen Omdurman ne, gidan fatake, tun kakanni suke da shaguna a kasuwa. Ina kicin ina kwashe tuwon asida, da na fito sai na tarar ta ajiye musu tiren wannan abu. Gwaggon yaron, dattijuwa mai mutunci, ta ɗauki guda ta jefa baki gaba ɗaya. Ba wanda ya gaya mata ƙwayar ake matsowa da haƙori a yar da ɓawon. Ta tauna, ta tauna, ya ƙi haɗiyuwa, har ta tofar a gefen mayafinta. Na ɗauke tiren a gaban kowa, na ce yarinya ce, abincin awaki ta ɗauko. Aka yi dariya. Mawahib ba ta yi ba.

Ga abin da ke cina, Gogo. A kambo na tashi, a Jazira, a bukkokin da 'yan ƙwadago ke zama bakin gonakin audugar wasu. Idan hatsi ya ƙare kafin kaka, uwata takan tsinko ɗanyen wake ta dafa mana da gishiri. Mu ci ƙofa a rufe, ta binne ɓawon kada maƙwabta su gani. A wurinmu, mai cin wake tun yana kore kowa ya san tukunyarsa ta kife. Na yi shekaru ina nesanta 'ya'yana da wannan rayuwa, sai ga ta a kan tirena mafi kyau, gaban surukai. Ban taɓa ba Mawahib labarin ba. Yaro ba sai ya san komai ba.

Dangin yaron sun bugo waya sun yi godiya, maganar aure tana nan. 'Yata nake tsoron rasawa. Amma a tarbiyyar da aka yi mini, uwa ba ta ba 'ya haƙuri. Yaya zan yi?

Uwa mai damuwa, Kalakla

*

'Yar'uwata, bari in fara da inda kike da gaskiya. Abin da za a ajiye gaban surukai ran zuwan farko, da sanin uwa ake ajiye shi. Kuma wanda ya kawo baƙon abinci, shi ya kamata ya fara ci don a ga yadda ake yi, ba ya bar dattijuwa tana kokawa da ɓawo ba. Wannan kuskuren Mawahib ne, ki gaya mata ku biyu.

Amma naki ya fi nauyi. Yarinyar nan ta shuka, ta yi ban ruwa cikin zafin Khartoum, ta zaɓi abin da ta fi alfahari da shi ta kai gaban mutanen da za ta zauna cikinsu. Ke kuwa kika sa suka yi mata dariya. Kin ceci gwaggo daga kunya, kika ɗora wa 'yarki.

Ke yunwa kika gani a tiren nan, ita karatunta ta gani. Ta yaya za ta san abin da ba ki gaya mata ba? Su ma baƙin ban yi zaton sun ga kambo ba. Mutanen da ke sayen turmus, waken nan mai gishiri, a bakin Nilu suna matse ƙwaya suna yar da ɓawo, su sha ruwa da balila, wadda ita ma wake ce, duk azumi, dafaffen wake ba zai zame musu alamar talauci ba. Mahaifiyarki kuma, Allah ya saka mata, ba abin kunya ta yi ba. 'Ya'ya ta ciyar da abin da ta samu. Jikarta ta cancanci ta san haka.

Ki kira ta ɗakinki, ki ba ta labarin yadda kika ba ni, kada ki haɗa da wa'azi. Sannan ki ce kalmar awakin nan ba ta dace ba. Ba durƙusawa za ki yi ba, magana ɗaya ce, kuma ba ta rage girman uwa. Bayan haka ku je Omdurman tare ku gaida gwaggon, ki yabi aikin 'yarki a gabanta, don a bainar jama'a kika rage ta.

Kada ki jira sai bayan biki. Yarinyar da ta bar gidan uwarta da shiru a baki, da shi za ta riƙa zuwa ziyara.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya sa albarka a auren.

Gogo Ni'mat