Bahaguwa Ta Fita da Ƙafarta

Asabar, 3 ga Mayu

Yara goma sha tara ne suka zo atisaye yau. Bara waccan da huɗu na fara, biyu daga ciki ma sun ɗauka ƙwallon ƙafa za a buga. Amma a taron ƙungiyarmu ta kurket, wasan nan na sanda da ƙwallo, Kawu, wanda shi ne shugaba, ya ce manya suna son safiyar Asabar. Wai yara na farfasa musu tsakiyar fili. Yaran da ke tura ƙarfen daddaɓe ƙasa kowane mako, su manyan suna inuwa suna labarin bugun da suka yi tun ba a haife ni ba!

Na ce, "Kawu, ina zan kai su? Sauran ranaku makaranta, Lahadi kuma taku ce." Ya ce mu ci wasan ranar sha bakwai mu shiga gasar yanki, sai a bar mana. "In ba haka ba sai haƙuri, ɗana." Da wannan "ɗana" yake yanka ni tun ina ƙarami.

Laraba, 7 ga Mayu

An sa wa ɗakin kaya sabon kwaɗo. Ba a ba ni makulli ba.

Asabar, 10 ga Mayu

Baba mai kula da fili ya buɗe mana, yana ta mita a kan manyan. Allah ya saka masa.

Yarinyar nan da muke kira Bahaguwa ta buga yau kamar ba gobe. Shekararta goma sha uku, sandar bugun ta kusa kai mata ƙirji, amma ba mai jifan da ya iya taɓa turaku ukun da take karewa a bayanta. Na zaunar da yaran na maimaita abin da nake faɗa kullum: in ƙwallo ta goga sandarka aka cafe ta kafin ta taɓa ƙasa, ka fita. Ko alƙali bai gani ba, kai ka ji a hannunka. Ka sa sanda a hammata ka tafi da ƙafarka. Wani ya ce, "Malam, ko za mu faɗi?" Na ce ko za ku faɗi. Har da buga ƙirji na faɗa. Bakina.

Asabar, 17 ga Mayu

Maki shida suka rage mana mu ci wasan. Ita ce ta ƙarshe mai iya bugu, abokin bugunta ɗan shekara tara ne da ke rufe ido in ƙwallo ta taho. Aka jefo, ƙwallo ta wuce ta, mai tsaron baya ya cafe. Ko ihun neman a fitar da ita bai yi sosai ba. Alƙali ya girgiza kai: ba ta fita ba. Ni kaina ban ji komai ba, wallahi ban ji ba.

Sai ga ta ta sa sanda a hammata ta taho.

Na yi ihu daga bakin layi, "Koma! Ke, koma!" A gaban kowa. Ta dube ni kamar ba ta san ni ba, ta ci gaba da tahowa. Ba sauran mai shiga, wasa ya ƙare nan take, mun faɗi.

Ta zo ta ce, "Malam, ta taɓa." Na juya mata baya. Na hau tattara kaya.

Maki shida!

Lahadi, 18 ga Mayu

Har yanzu ban huce ba. Wa ya tambaye ta? Akwai alƙali, aikinsa ke nan. Yara goma sha takwas sun rasa fili saboda goga ɗaya da ko sauro bai ji ba.

Maman yara ta ce, "To ba kai ka koya mata ba?" Na ce akwai lokacin komai. Ta ce, "Au, ashe gaskiyar taku tana da ranakun hutu." Na bar mata ɗakin.

Talata, 20 ga Mayu

Kwamiti ya yanke. Asabar ta manya ce. Mu an ba mu dandamalin siminti na bayan ɗakin kaya, inda ake jibge karyayyun kujeru. Taku ashirin da biyar, na auna.

Ba hukuncin ne ya fi ƙona ni ba. Kawu ne, da ya dafa kafaɗata ya nuna kofin da ke saman kabad ya ce, "Kai da ka ciyo mana wancan ai ba ka yi wannan wautar ba. Ka koya musu cin wasa, ba wa'azi ba." Suka kwashe da dariya.

Ashe ya sani. Shekara ashirin ina zaton ni kaɗai na san ƙwallon nan ta goga sandata ran da muka ci kofin. Na tsaya ƙyam ina gyara safar hannu har alƙali ya kau da kai. Kawu yana bakin layi yana tafi. Ya sani tun ranar, yana kuma alfahari da ni a kai.

Ban taɓa fita da ƙafata ba. Ko sau ɗaya. A nan kawai zan rubuta.

Alhamis, 22 ga Mayu

Baba ya tare ni a ƙofa. Wai yarinyar ta kawo masa sandar bugun ƙungiya, ta ce a ba wani. "Malam, 'yar nan ba fili take kuka ba, shirun da ka yi mata ne." Na ce ina da aji, na wuce. Tsohon nan bakinsa ba linzami.

Na biya gidansu da la'asar. Ba don komai ba, sandar ce ba ta dace da hannun kowa ba sai nata. Na ba yayanta ya miƙa mata.

Asabar, 24 ga Mayu

Sha huɗu suka zo. Muka kwashe kujeru, muka zana turaku da alli a jikin bango. Ta bayan katanga muna jin manya suna gardamar wa zai tura ƙarfen daddaɓe fili. Su ƙarata.

Ta zo a makare, ta tsaya nesa. Na ce ba mu da alƙali, ta zo ta yi mana alƙalanci. Ta zo ta tsaya.

Na karɓi sanda don in nuna musu yadda ake tare ƙwallo a kan siminti. Ɗan shekara taran nan ya jefo wata a karkace, ta wuce, na baya ya cafe. Ba wanda ya ce na fita. Amma na ji ta a yatsuna, 'yar goga kamar ƙuda ya sauka.

Na fara gyara safar hannu. Sai na ga tana kallona.

Na sa sanda a hammata na nufi kujerun.

Ta ce, "Malam, ni fa ban ji komai ba." Na ce ni na ji. Yaran suka hau tsalle wai sun fitar da Malam da jifa ɗaya, marasa kunya. Ita ba ta yi dariya ba, sai ta ɗaga yatsa sama a hankali, irin na alƙalai in sun fitar da mutum, alhali na riga na zauna.

Da ma rana ta yi zafi, ina son zama. Har yanzu ina fushi da Kawu. Gobe in sayo alli.