Kindirmo a kejin 'yan aku

Armiya'u, maigidana,

Na wuce Shinkafi gaisuwa, ban tashe ka ba. Wari ne ya ja ni zuwa kejin 'yan akunka da safe. Kindirmon da ka zuba musu jiya ya lalace, ƙudaje sun yi baƙi a kai, shuɗin cikin 'yan akun kuma zawo yake ta yi, ya takure a lungu. Tir! Na wanke kejin, na yar da kwanon.

Wai a waya ka ji nono yana gyara musu hanji? Yaushe ka taɓa ganin tsuntsuwa tana shayarwa?

Ka kai shuɗin wurin likitan dabbobi da ka tashi. In ka tsaya tambayar wayar nan, gawarsa za ka kai.

Kakarka Lubabatu