Zabin Fadila Za Su Je Gaban Kwamiti

Kashin Zama,
Ƙaramar Hukumar Aliero.

Zuwa ga ƙanena Isiyaku,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Khairiyya da yara, Allah ya ƙara muku lafiya a can Fatakwal. Mu nan alhamdu lillahi, an kwashe albasa, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Zuciyata ce dai take tafasa. Ka san shekara biyu 'yata Fadila tana binciken digirinta a kan zabin gidan nan. Ta fige musu gashin fiffike, ta auna tsirowarsa kowace safiya, ta ɗauki hoto, wai don a gane yadda fata take sake fitar da gashi. Wani malamin jami'arsu, Dakta Sabo, da ta ba aikin ya duba mata, ya buga shi da sunansa, ya ce zabin gonarsa ne ta Maiyama. Da ta miƙa nata, sai aka ce ita ta kwafa. Ranar Alhamis ta sama kwamitin jami'ar zai zauna, in ba hujja korarta za a yi.

Amma shi mai ilimin fiffike bai duba ƙafa ba. Kowace zabuwa a hotunansa tana da shaidar gidanmu, guntulen yatsan tsakiya na hagu da Inna take yanke musu tun suna 'yan tsaki. Da labari ya kai masa cewa mun gane shaidar, ya turo dattawa daga Jega, suka ce in rufa masa asiri, yana da iyali, zai sa baki a bar yarinya ta wuce. Na ba su ruwa suka sha, na ce ita ma Fadila 'yar mutane ce. Ba na son sulhu, Isiyaku. So nake ya tsaya gaban ɗalibansa yana zufa, kamar yadda ta tsaya aka kira ta ɓarauniya.

Ka turo hotunan da ka ɗauke ta tana awo a sallar bara, da kwanan watansu. Ni kuwa na riga na yi magana da mai mota, zabi bakwai zan ɗauka a kwando. A gaban kwamiti zan kwance su, ya nuna mini nasa.

Ka gaishe da Khairiyya, da Safwan da Bushra. Inna tana sa muku albarka.

Yayarka,
Balaraba