Bugun da Ruwan Sama Ya Shafe

Tampa, Amurka
Disamba, 1952

Zuwa ga yayata Amparo,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da mutanen Matanzas baki ɗaya. Yaya ciwon gwiwar? Ni lafiya lau nake, koyarwa na tafiya. Barci ne bai cika zuwa ba, amma kada ki damu.

Na gode da kika ba Eusebio adireshina. Kin san abin da ke cin raina tun rasuwar Rogelio. Bugu ɗaya tak ɗana ya samu a besbol na ƙwararru, wasan ƙwallon nan da ake bugawa da sanda, ruwan sama kuwa ya tsayar da wasan kafin zagaye na biyar. A ƙa'ida ba a ƙirga irin wannan wasa, don haka sifili ne gaban sunansa a lissafin 'yan wasa.

Eusebio ne, ɗan ƙungiyar da suka kara da ita, ya jefa masa ƙwallon ran nan. Ya zo ranar Lahadi, ya sha gahawa, ya ce, "Malam, ƙyale masu lissafi da sifilinsu! Yaron nan har bayan katangar filin wasa ya aika ƙwallona. Har yau in mun yi faɗa da matata sai ta ce, 'Kai da sabon shiga ya kunyata?'"

Na yi dariya, Yaya, karon farko tun jana'iza. Sannan na nemi izininsa na shiga ɗaki na ɗan jima.

Ki kai furanni kabarinsa a madadina, ki gaya masa an samu shaida. Allah ya saka miki da alheri.

Ƙanenki,
Evaristo